Yarinyar da Ta Ci Ɗari da Hamsin

Ƙarfe takwas da kwata na safiyar wata Talata, muna tsaye a bakin ofishina mu uku: ni da nake hedimasta, da malamin Arabiyya wanda shi ne mataimakina, da wata malamar asibiti da ta zo daga Warra a bayan babur, rungume da akwati. Yara suna layi a fili, aji-aji, gajeru a gaba, dogaye a baya, yadda na saba tsara su. Lokacin ba a daɗe da yanke mana jihar Kebbi ba. Allon makarantar ma Sakkwato ke rubuce a jikinsa, don mai fenti ya yi alkawari bai zo ba.

Makarantar tana wani ƙauyen masunta ne a gaɓar tafkin Kainji, cikin ƙasar Ngaski. Aji shida gare mu, ɗaki huɗu. Kusan rabin yaran a kwalekwale suke zuwa daga tungayen da ke kewaye.

Malamar ta ce an turo ta ta duba lafiyar 'yan makaranta: ido, haƙori, da hawan jini. Na ce ido da haƙori na gane, amma hawan jini a sanina ciwon manyan 'yan kasuwa ne masu tumbi. Me yaro ɗan shekara goma ya ajiye a ransa da jini zai hau masa? Ta ce yana kama yara, musamman idan ƙoda ta taɓu, kuma ba ya yin sallama kafin ya shigo. Na ce to, aikinki ne. Na sa aka fito mata da tebur da benci ƙarƙashin mangwaro.

Kafin in ci gaba dole in bayyana wani abu game da mangwaron nan, in ba haka ba abin da ya biyo baya ba zai fahimtu ba. A ƙarshen kowane zango, a ƙarƙashinsa nake tara iyaye. In sa tebur, in kira yara ɗaya bayan ɗaya, in karanta makin kowa da ƙarfi. Wanda ya zo na ɗaya a kowane aji ina ba shi sandar sabulu guda. Iyayen ba su san Turanci ba, ba su san lissafin allo ba, amma sun san teburin nan, sun san babbar lamba ta fi ƙarama, kuma sun san sabulu. Akwai gidajen da ba a taɓa wanka da sabulun ba. Ana ɗora shi a kan jere ne baƙi su gani.

Malama ta buɗe akwatinta. A ciki akwai dogon gilashi mai wani ruwa da ke ƙyalli kamar dalma, da ƙyallen da ake naɗa wa mutum a damtse, da 'yar roba da ake matsawa, da abin da take saƙalawa a kunne. Yaron farko yana ganin an kama hannunsa ya fara kiran innarsa, don ya ɗauka allura ce. Na dube shi sau ɗaya, ya yi shiru. Malama ta matsa roba, ta saurara, ta ce wa malamin Arabiyya ya rubuta ɗari.

Tun da na zo makarantar ba yaron da ya taɓa cin ɗari a komai. Kuma wannan yaro da ya ci, shi ne wanda shekara biyu yana aji ɗaya bai rabe harafin ba da harafin ta ba. Ya tashi daga bencin yana tafiya kamar sabon ango.

Daga nan aiki ya lalace. Duk wanda aka kira masa casa'in da biyar sai ya koma yana hawaye. Wanda ya sami ɗari da biyar sai a tafa masa. Na tsawata, na ce wannan ba jarrabawa ba ce, suka ce to Malam, suka ci gaba da tafi a ƙasa-ƙasa. Can wani ɗan aji shida da na aika ya ɗebo wa Malama ruwa ya dawo a guje, aka auna shi yana haki, ya sami ɗari da talatin. Kafin in ankara, duk 'yan aji shida sun nemi izinin zagawa, ashe bayan ajujuwa suke zuwa suna tsere. Malama ta gane. Ta ce duk wanda ya zo yana gumi ya zauna a inuwa sai ya huce. Da suka huce, lambobinsu suka sauko, suka riƙa kallonta kamar ta ƙwace musu abinci.

Sai aka zo kan wata yarinya 'yar aji biyar. Shiru-shiru ce, ba ta rigima, ba ta kuma taɓa wuce tsakiyar aji ba. Na sha samunta ta kifa kai a kan benci, in na tambaya ta ce kanta ke ciwo. Da safe fuskarta takan yi ɗan kumburi kamar wadda ta sha barci. Ni da malamanta mun ɗauka hayaƙin banda ne, don tana taya innarta gasa kifi.

Ba ta yi gudu ba, ba ta yi gumi ba. Malama ta auna ta, ta ɗaure fuska, ta koma ɗaya hannun. Ta ce ta zauna ta huta, ta auna waɗansu, ta sake kiranta. Sannan ta ce a hankali a rubuta ɗari da hamsin. A hankali ta faɗa, amma yaro a layi yana da kunne. Tafin da aka yi har a bakin ruwa an ji shi.

Malama ta ja yarinyar gefe suka yi magana, sannan ta same ni a ofis. Ta ce yarinyar ta daɗe tana fitsarin jini, kuma tana tsoron abin ya taɓa ƙoda. Fitsarin jini ba baƙo ba ne a gaɓar tafki, yaran da ke wuni cikin ruwa da yawa suna yi, iyaye ba sa ma kiransa ciwo. Ta ce wannan kam dole a kai ta asibitin Yelwa likita ya duba, kuma kada a jira wata ya kama.

Bayan azahar, muna cikin tattara kaya, sai ga uban yarinyar. Masunci ne, ƙato, mai murya kamar ana buga ganga. Ya zo da mutum biyar ko shida a bayansa, har da maƙwabcinsa wanda ɗansa ke karɓe sabulun aji biyar kowane zango.

"Malam, barka da aiki. An ce ɗiyata ta zo ta ɗaya."

"Zauna mu yi magana. Wannan ba jarrabawa ba ce."

"An sa tebur ƙarƙashin mangwaro?"

"An sa."

"An kira yara ɗaya bayan ɗaya?"

"An kira."

"An rubuta lamba?"

"An rubuta."

"Akwai wanda ya fi ta?"

"Babu."

"To ina sabulun?"

Na yi masa bayani daki-daki. Na ce na farko, awon lafiya ne. Na biyu, a wannan awo babbar lamba ciwo ce. Na uku, yarinyar tana bukatar likita. Ya saurara har na gama, ya juya ga mutanensa.

"Kun ji ko? In ɗan wanga ya zo na ɗaya, sabulu. In ɗiyata ta zo ta ɗaya, ciwo. Malam, in kihi shika kawo maka, ni ma ina da kihi."

Wannan magana ta ɓata mini rai, don ban taɓa karɓar ko ƙaya daga hannun uban ɗalibi ba. Malama ta shiga tsakani. Ta ce, "Baba, ka san madatsar Kainji. Idan ruwa ya yi mata yawa, ya danne ta, me zai faru?"

"Ruwa da yawa, kihi da yawa," in ji shi.

Mutanensa suka fashe da dariya. Shi kuma ya naɗe hannun riga, ya zauna a bencin yara har bencin ya yi ƙara. Ya ce a auna shi, a ga inda yarinya ta gado. Malama ta ce ita don yara aka turo ta, amma ta ciro babban ƙyalle ta naɗa masa. Ta auna, ta sake aunawa, ta cire abin kunnenta ta dube shi.

"Baba, naka ya kusa ɗari biyu. Kai ma sai ka ga likita."

"Allahu akbar! Gado na! Na ce maku gado na!"

Sauran mazan suka yi layi ba wanda ya sa su. Da aka zo kan maƙwabcin, Malama ta ce ɗari da ashirin, lafiya lau. Uban yarinyar ya dafa kafaɗarsa cikin tausayi, ya ce, "Kada ka damu. Ko ɗiyata ta wuce ka, amma Allah shina sane da kai."

Malama ta koma Warra ranta a ɓace. Ranar kasuwa ta sake dawowa don yarinyar kaɗai, ta auna, lamba tana nan inda take. Muka je gidan tare, na sake yin bayani. Uban ya ce yarinya tana ci, tana sha, tana tuƙa jirgi, kuma lokacin kifi ne, ba mai barin ruwa ya tafi yawon asibiti. Na sake samunsa a masallaci bayan la'asar, na yi bayani na uku. Ya ce shi ya yafe sabulun, in daina wahalar da kaina.

Wata safiya kafin a buga ƙararrawa, na tarar da uwar yarinyar a bakin ofis, ta durƙusa, kwaryar kifi a gefenta. Ta ce, "Malam, ni ban san lamba ba. Amma ɗiyag ga ba ta kwana sabadda ciwon kai, kuma ƙahwahunta sun fara kumburi. Na gaya mishi, ya ce hassada ta. Ba ni iya kai ta Yelwa ba da izninshi ba. Kai ka san yadda za ka yi."

Na zauna na yi tunani. Bayani ya ƙare, na yi shi sau uku. Faɗa ba zai yi ba, don mutumin ya fi ni murya, ya fi ni ƙarfi. Sai na tuna da wasannin makarantu. Duk yaron da ya ci tsere a wurinmu, ana kai shi Warra. In ya ci a Warra, sai Yelwa. Duk ƙauyen sun san haka, don ɗan maƙwabcin nan ya taɓa zuwa Yelwa tsere, ubansa ya yi shekara yana ba da labarin.

Na sami uban yarinyar a bakin ruwa yana ɗinkin taru. Na yi sallama, na tsaya.

"Na zo in gaya maka ƙa'ida," na ce. "Duk wanda lambarsa ta fi ta kowa a nan, sai an kai shi Yelwa gaban babban likita an sake aunawa."

Ya ajiye allura. "Awa irin na tsere?"

"A Yelwa ake sake aunawa."

"Akwai mutanen wasu garuruwa?"

"Har daga Shanga suna zuwa."

"Ni ma da ni?"

"Kai ma lambarka ta kai."

Ya tattare tarun gefe. Sannan ya ce, "Mi ya sa ba ka hwaɗi haka tun farko ba?"

Duk abin da na faɗa masa gaskiya ne, ban ƙara ko kalma ɗaya ba. Abin da ya ɗora a kai nasa ne.

Ranar kasuwar Yelwa muka shiga jirgin inji mai kai kifi, ni da shi da yarinyar da innarta. Ya sha babbar riga shuɗiya wadda ban taɓa ganinsa da ita ba sai ranar Idi, da hula sabuwa, da takalmin da ya riƙe a hannu don kada ya jiƙe. Ya kuma ɗauko wani ƙaton busasshen kifi, giwan ruwa, a cikin tabarma, ya ce ta alƙalin awo ce. A hanya duk jirgin da muka wuce sai ya ɗaga musu hannu ya ce Yelwa aka kira su. Yarinyar ta kwantar da kai a cinyar innarta.

A ƙofar asibiti akwai wata bishiyar dogon yaro. Muna isa ya miƙa mini kifin da takalmin, ya tattare riga, ya shiga zagaya bishiyar a guje. Mai gadi ya fito yana tambaya ko aljanu ne. Na ce a'a, 'yan aji shida ne suka koya masa. Ya yi zagaye uku, ya dawo yana haki, ya ce wa ɗiyarsa ta tashi ita ma ta yi. Na ce wannan kam ban yarda ba, kuma na faɗa da muryar da nake sallamar layi da ita. Ya ƙyale ta.

Likitan saurayi ne, mai magana a hankali. Ya auna yarinyar, ya danna ƙafarta da yatsa ya ga wurin ya lotsa, ya aika aka gwada fitsari da jini. Muka jira har rana ta take. Da ya kira mu, ya ce tsargiya ce, ciwon da ke sa fitsarin jinin nan, ta daɗe a jikinta har ta fara taɓa ƙoda, shi ya sa jinin ya hau. Ya ce an zo a kan kari, za a kwantar da ita a ba ta magani, kuma a rage mata gishiri da kanwa.

Uban ya gyara zama. "To, likita, ta nawa ta zo?"

Likitan ya dube ni. Na gaya masa labarin a taƙaice, tun daga mangwaro har zuwa dogon yaro. Bai yi dariya ba, ko da yake na ga ya ciji leɓe. Ya naɗa wa uban ƙyalle ya auna. Sannan ya ce, "Baba, taso in kai ka ka gaida wanda ya riga ka."

Muka bi shi ɗakin maza. A gado na ƙarshe akwai wani dattijo kwance, ɗansa yana ba shi kunu da cokali, rabin kunun yana zubowa ta gefen baki. Hannunsa na dama yana ajiye a kan ƙirji kamar ba nasa ba. Uban yarinyar ya tsaya cak. Ya san shi. Masunci ne daga wajen Shanga, wanda a da, in ya jefa mashi a ruwa, ba ya dawowa banza. Sun sha haɗuwa a kasuwar kifi.

Ya durƙusa ya gaishe shi. Dattijon ya yi ƙoƙarin amsawa, magana ta ƙi fita daidai. Ɗan ya ce a bakin jirgi ya faɗi, ba ciwon komai, yana cikin jan taru.

Da muka fito baranda, likitan ya ce, "Ranar da aka kawo shi, lambarsa ta ɗara taka kaɗan."

Uban yarinyar ya cire hula ya riƙe. Sannan ya juyo gare ni.

"Malam, ka san haka?"

"Sau uku na gaya maka."

"Ba ka hwaɗa da ƙarhi ba."

Ya sake tambayar likita, wannan karon da ƙaramar murya, ko ɗiyarsa ma haka za ta zama. Likitan ya ce in an sha magani yadda aka ce, ana dawowa awo, da yardar Allah a'a. Uban ya koma ɗakin maza ya ajiye wa ɗan dattijon giwan ruwan. Ya bar innar yarinyar a wurinta, ya karɓi nasa ƙwayoyin, muka kama jirgin yamma. A hanya bai ɗaga wa kowa hannu ba.

Yarinyar ta dawo makaranta fuska a saɓe, ta daina kifa kai a benci. Da Malama ta sake zuwa ta auna ta, lambar ta sauko kusa da ɗari. 'Yan ajinsu suka yi ta ba ta haƙuri, wai ta faɗi. Na tara makarantar gaba ɗaya na yi musu darasi a kan abin, na sa suka maimaita a bayana cewa a awon jini na tsakiya ya fi.

Uban kuwa bai bar gasa ba, juya ta ya yi. Kowace ranar kasuwa sai ya tuƙa zuwa Warra a auna shi, ya dawo ya tsaya a ƙofar maƙwabcinsa ya ce, "Na sauko da goma. Saura kaɗan in kamo ka." Ya hana a sa kanwa a miyar gidansa, ya kuma shiga leƙa tukwanen mutane yana yi musu wa'azin gishiri har aka fara gudunsa.

A ƙarshen zangon yarinyar ta zo ta shida a aji, ba ta taɓa kaiwa nan ba. Ana gobe taron iyaye ubanta ya same ni da sandar sabulu a naɗe cikin takarda, ya ce a Yelwa ya saya, in miƙa mata a gaban jama'a. Na ce sabulu na na ɗaya ne, ƙa'ida ce. Ya ce shi bai nemi in ce ta zo ta ɗaya ba, in dai faɗi abin da ta yi. Na kwana ina tunani. Washegari, bayan na gama kiran sakamako, na kira ta, na ce wannan na yarinyar da ta sha maganinta ba fashi ne. Ta karɓa da hannu biyu. Ubanta ya yi tafi shi kaɗai kafin kowa, maƙwabcin ya taya shi.

Yanzu ta girma, tana da 'ya'yanta, biyu daga cikinsu sun yi karatu a ƙarƙashin mangwaron nan bayan na yi ritaya.

Roƙona gare ka mai karatu shi ne, in kana da yaro mai yawan ciwon kai, ko mai kumburin fuska da safe, ko mai fitsarin jini, ka kai shi a auna jininsa, kada ka ce yaro ne. In an gama da shi, kai ma ka zauna a bencin ka miƙa hannu. Kuma tun kafin a naɗa ƙyallen, ka gaya wa kowa da ƙarfi cewa ba a ba da sabulu.